Ba a biyan kuɗin masauki a duwatsun Gunib

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokin karatunka a Mahachkala, babban birnin Dagestan, ya gayyace ka ƙauyensu a gundumar Gunib, uban gidan kuma ya kira ka kunak ɗinsu, wato amininsu mai sauka a gidansu, kana tambaya ko za ka bar musu kuɗi ranar tafiya. Kul, kada ka kuskura. Cin fuska ne.

Ka dubi ƙasar tukuna. Gunib tana tsakiyar duwatsun Dagestan, a kudancin Rasha, kogin Karakoisu na ratsa ta cikin kwazazzabai masu zurfi. Ƙidayar 2010 ta samu mutum wajen dubu 25 a gundumar baki ɗaya, akasarinsu 'yan ƙabilar Awar, a warwatse cikin ƙauyuka irin su Coh da Sogratil, kowanne maƙale a jikin dutse. Gonakin ma sassaƙa su aka yi hawa-hawa. A da, wanda dare ya riske shi tsakanin ƙauyuka biyu cikin hunturu, in ba shi da gidan da zai ƙwanƙwasa, sai dai wani ikon Allah. Shi ya sa kowane magidanci yake da amini a wani gari, ya sauka wurinsa, ya ci, a tsare masa rai da doki. Amincin nan gadonsa ake yi, daga uba zuwa ɗa. Sakayyarsa ɗaya ce: ran da suka zo inda kake, ƙofarka a buɗe. To ka san nauyin da ka ɗauka, ko da ɗakin ɗalibai kake kwana.

Tsaraba kam ka riƙe, shayi mai kyau, alewa ga yara, dabino in ka samu. Ka miƙa da isarka, ba ranar komawa ba, don kada ta yi kama da biya.

Sauran duk tarbiyyar gidanmu ce. Ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ka miƙe tsaye in babba ya shigo, kada ka miƙa wa mace hannu, gajeren wando kuma ka bar shi a birni. Akwai dandalin da dattawa ke zama kusa da masallaci, godekan suke ce masa. In ka bi ta nan ka yi sallama, kada ka zauna sai an ce maka. Za a kawo maka hinkal, curin fulawa dafaffe da nama da romo da tafarnuwa. Ka ci sosai, uwar gida tana lura. Shafi'iyya ne su, saboda haka in liman ya bayyana bisimilla ko ya ɗaga murya da ƙunutin asuba, bi shi kawai, ban da gardamar da na san ka da ita.

Maganar Imam Shamil, jagoran musulmin duwatsun nan a da, kuwa ka yi ta da ladabi. A kan dutsen Gunib ɗin nan ya miƙa wuya ga sojojin Rasha a 1859, bayan shekara 25 yana yaƙi, kuma har yau zancen bai huce ba. Saurara kawai.

Matasa suna ta gangarowa birni, har ƙauyen Gamsutil ya zama kufai. Ina jin shi ya sa tsofaffin ke riƙe baƙo gam. In sun ce ka ƙara kwana, ƙara, amma ka sanar da mahaifiyarka kafin ka hau dutsen.

Kawunka