Filin Girki: Anti tuwona kullum sai yayi gudaji

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a taimaka min, bikina saura wata 2 kuma wlh banda indomi da dafa-duka ba abinda na iya, makarantar kwana nayi daga nan sai jami'a. Duk sanda na gwada tuwon masara sai yayi gudaji kasan tukunya ya kama, miyar kuka kuma ta tsinke kamar ruwa, kannena har dariya suke min. Mijin da zan aura ance baya kwana sai da tuwo. Daga wata kanwarki a Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam kanwata, Allah ya sanya alheri. Wata 2 ya isheki in kika daina tsalle daga wannan girki zuwa wancan, ki rike tuwon nan kawai har hannunki ya fada.

Matsalarki a talge take. Ki fara tankade garin da rariya, ki debi kadan ki dama da ruwan sanyi, ba na zafi ba, sai ruwan tukunya ya tafasa sosai sannan ki zuba kina juyawa da muciya kar ki tsaya. Ki rufe ki barshi kamar minti 15, zakiji yana fat fat yana tsartuwa, ki kiyayi hannunki don kunar talge ba wasa bace. To a nan 'yan koyo suke gaggawa, talge bai nuna ba sun antaya gari gaba daya, ina gudaji bazai fito ba? Ki rage wuta, musamman in gas ne don shi baya da hakurin icce, ki rika barbada gari kadan kadan kina tukawa kina danne shi a jikin tukunya, in yayi kauri ki yayyafa ruwa ki rufe ya turara minti 10, ki sake tukawa ki kwashe da mara.

Miya kuwa ruwa ne yake miki yawa. Ki bar daddawa ta dahu har warinta ya tafi, ki rage wuta sannan ki kada kukar da maburgi, kuma kar ki rufe tukunya bayan kin kada.

Ki fara da gwangwani 2 na gari kar ayi asara. Kuma ki ajiye kunya ki zauna kusa da Umma ko wata gwaggo ranar da take tuki, ki karbi muciyar da kanki, kallon bidiyo a waya baya nuna miki nauyin tuwo a hannu. Kannen naki su zaki rika ba su ci tunda sun iya dariya.