Amsa ga mai son kallon kokawar sumo a Japan

Ɗan'uwa, ka ce za ka je Japan kana son ganin sumo ido da ido, kana tambayar yaushe ake yi da kuma wane tikiti za ka saya. Fara duba watan tafiyarka tukuna. Manyan gasanni shida ne kacal a shekara, kowacce kwana 15, a fara Lahadi a kammala Lahadi. Janairu da Mayu da Satumba a Tokyo ake yi, Maris a Osaka, Yuli a Nagoya, Nuwamba a Fukuoka. In ka sauka a Afrilu ko Agusta, sai dai ka nemi wasannin zagayen gari, waɗanda sakamakonsu ba ya shafar matsayin ɗan wasa.

Tikiti ne inda mafi yawan baƙi ke faɗuwa. Ana fara sayarwa wajen wata guda kafin gasa, na ranakun Asabar da Lahadi da kwanakin ƙarshe kuwa kafin ka farga sun ƙare. Nemi ranar tsakiyar mako ta shafin hukumar sumo, ka guji 'yan bumburutu.

Kujeru iri uku ne. Akwai matasan bakin fili, inda ba a ci ba a sha, kuma ƙato mai kilo 150 na iya faɗo maka a ka. Akwai masu-seki, wani ɗan akwati mai faɗin mita 1.3 kowane gefe, an ce na mutum huɗu ne. Za ka cire takalmi ka tanƙwashe ƙafa a kan matashi sa'o'i uku ko huɗu. Manya huɗu a ciki wahala ce, sai in ku biyu za ku biya kuɗinsa duka. Ni dai kujerun bene nake ba baƙo shawara: sun fi araha, akwai majingina, ana ganin da'irar kokawar duka. Riƙe ƙaramin madubin hangen nesa.

A Tokyo zauren Kokugikan ne, ɗan taku kaɗan daga tashar jirgin ƙasa ta Ryogoku. Ƙananan 'yan wasa suna farawa tun wajen 8:30 na safe, zaure wayam. Ka iso misalin ƙarfe 2 na rana, ka tarar da rukuni na biyu, juryo. Wajen 3:40 manya ke shigowa a jere da bantensu na ado, sai yokozuna, wato mai matsayi mafi girma a sumo, ya yi nasa shi kaɗai, yana ɗaga ƙafa yana doka ƙasa, jama'a na amsawa da "yoisho". Ƙarfe 6 an tashi. Wanda ya zo ƙarfe 5 ya yi asarar rabin kuɗinsa.

Dokar ba wuya: wanda ya fita daga da'irar mai faɗin mita 4.55, ko wani sashen jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an kayar da shi. Abin da ke rikita baƙo shi ne jan lokaci. Za su watsa gishiri, su tsuguna, su harari juna, su koma gefe, har minti huɗu, karawar kanta kuwa wani lokaci daƙiƙa biyar. Alamar ita ce alƙalin wasa: idan ya fuskanci 'yan wasa sosai ya karkata mafificinsa, lokaci ya cika. Kada ka duba waya a nan. In ka ga alƙalai biyar masu baƙaƙen kaya sun hau fili, an yi jayayya ce kan hukunci, kuma suna iya cewa a sake.

Karɓi takardar jerin karawar ranar a ƙofa, ka duba nasarorin kowa. Mai nasara takwas cikin 15 matsayinsa na hawa, don haka wanda ke da bakwai da bakwai a ranar ƙarshe kokawar rai da rai yake yi.

Batun abinci: miyar 'yan sumo, chanko, wani lokaci da naman alade ake dafa ta, tsiren kajin da zauren ya yi suna da shi kuma romonsa kan ƙunshi giyar shinkafa. Ka tambaya, ko ka ci abincinka kafin ka shigo. A Kokugikan ana barin mutum ya fita ya dawo sau ɗaya kafin ƙarfe 5, ka yi amfani da wannan damar wajen sallah. Kuma ko ka ga ana jifa da matasai don an kayar da yokozuna, kai riƙe naka, an hana.