Littafin waya ba takarda ba tawada, me ya kawo tsada?

Tambaya: Malam, na duba wani littafi a Amazon, shagon nan na intanet, na Kindle (wato wanda ake karantawa a waya ko na'ura) dala 14, na takarda sabo dala 16, na hannu kuma dala 5 kacal. Wannan ba cuta ba ce?

Amsa: To malam, da gaskiyarka amma ba duka ba. A Amurka kuɗin ɗab'i ɗan kaso ne cikin farashin littafi, yawancin kuɗin littafin yana tafiya ne wajen marubuci da edita da mai zanen bango da talla da ribar mai shago, kuma duk sai an biya su ko da a waya littafin zai fito.

Rigimar ma ta daɗe. Da Amazon ta fito da Kindle a 2007 sai ta riƙa sayar da sabbin littattafai na Kindle dala 9.99, wani lokacin ma da asara don dai ta mamaye kasuwa, kamfanonin ɗab'i kuwa hankalinsu ya tashi kar mutane su saba da araha su guji na takarda, shi ne a 2010 suka haɗa kai da Apple su ke yanka farashi, Apple ta ɗauki kashi 30 cikin ɗari na duk littafin da ta sayar. Farashi ya hau, gwamnatin Amurka ta maka su kotu a 2012, ƙarshe Apple ta biya dala miliyan 450.

Na hannu kuwa kar ka auna da shi, marubuci ko sisi ba ya samu a cinikin. Amma fa nan ne nake goyon bayanka. Na takarda naka ne, ka gama ka sayar ko ka ba ƙaninka, na Kindle kuwa izinin karantawa kawai ka saya, kotun Tarayyar Turai ma a 2019 ta ce ba a sake sayar da shi sai da yardar mai haƙƙi. Abin da ba za ka iya sayarwa ba bai kamata ya kusa kamo kuɗin wanda za ka iya ba. A ganina rabin kuɗin sabo, ko sama da haka kaɗan, shi ne adalci.

Mu nan Najeriya ma ya kamata ragin ya fi haka, tunda takarda daga waje ake shigo da ita da dala, ita ke cinye jarin. Marubuciyar da ke sayar da labarinta a WhatsApp in ta tsawwala kuɗi, mutum ɗaya zai biya ya watsa wa sauran kyauta.