Amsa kan batun kundin digiri na biyu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shigar Najeriya Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi a 1986, zamanin Babangida, za ta isa batun kundinka. Za ta isa, amma sai ka taƙaita ta, domin batu mai faɗi shi ke cinye shekarar ɗalibi. Tunda kana Jidda, inda hedikwatar ƙungiyar take, ka nemi ƙudurorin tarukanta na Larabci, ka gwama su da jaridun Najeriya na farkon 1986, lokacin da gardamar ta yi zafi. Da nake rubuta nawa, wuni guda na yi ina bin sakin layi ɗaya da yatsa kafin na gano inda fassarar Turanci ta karkatar da ma'anarsa.