Fatawa: Na Bar Nama, Ƙwai da Nono Don Rage Ƙiba, Shin Na Haramta Halal?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaciya ce a nan Jos, shekaruna 47, nauyina kilo 92, tsawona mita 1.62. Gwiwoyina sun matsa mini har wani lokaci a kan kujera nake sallah, likita kuma ya ce sukarina ya hau, ya ɗora ni kan metformin. Wata abokiyar aikina ta ba ni shawarar in koma cin tsirrai zalla: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, har zuma ta ce in bari. Wata biyu ke nan, na sauke kilo 3. Ranar da na fara, cikin zafin rai na ce "wallahi ni da nama har abada". Yanzu maigida yana cewa na haramta abin da Allah ya halatta, surukata kuma ta ce ba za a yi layya a gidan ɗanta ina kallo ba. Mene ne hukuncin abin da nake yi, da rantsuwar da na yi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Barin nama da dangoginsa don neman lafiya ya halatta, kuma ba ki haramta komai ba matuƙar kina ƙudurce a ranki cewa halal ne, ke ce dai kika bari saboda wani dalili. Halaccin yana da sharaɗi biyu: kada barin ya zama aƙida ko ibada, kada kuma ya cutar da jikinki.

Maigidanki bai faɗi maganarsa da ka ba, yana da madogara. Allah yana cewa a Suratul Ma'ida, aya ta 87, kada muminai su haramta daɗaɗan abubuwan da ya halatta musu. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas cewa wasu sahabbai sun tambayi matan Annabi (SAW) game da ibadarsa ta ɓoye, sai wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai ci nama ba, wani ya ce ba zai kwanta a shimfiɗa ba. Da labari ya kai ga Annabi sai ya yi musu inkari, ya ce wanda ya ƙyamaci sunnarsa ba ya tare da shi. To amma mu duba me ya sa mutumin nan ya bar nama. Ya bari ne don neman kusanci ga Allah, yana ganin ƙin ci ya fi ci lada. Wannan shi ne abin da aka hana. Ke kuwa gwiwa ce da sukari suka kai ki.

Bari ba tare da haramtawa ba yana da asali a sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an gabatar wa Annabi (SAW) naman damo sai ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haram ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya cinye Annabi yana kallo. Wanda ya fi kusa da mas'alarki shi ne hadisin Ummul Munzir da Abu Dawud da Tirmizi suka kawo: Aliyu (RA) bai daɗe da tashi daga ciwo ba, ya miƙa hannu zai ci dabino, Annabi ya dakatar da shi, da aka kawo dafaffen sha'ir da ganye sai ya ce ya ci wannan, shi ya fi dacewa da shi. Malaman fiƙihu suna kiran wannan himya, wato ƙaurace wa halal saboda jinya. A Muwaɗɗa ma Imam Malik ya kawo gargaɗin Umar (RA) cewa a kiyayi yawan cin nama, domin yana da jaraba irin ta giya.

Inda nake jan kunnenki shi ne asalin tsarin. Ƙungiyar da ta raɗa masa suna "vegan", wato cin tsirrai zalla, an kafa ta ne a Ingila a 1944, kuma ginshiƙin tafiyarta shi ne ɗan Adam ba shi da haƙƙin amfani da dabba, ko a yanka, ko a tatsa, ko a ɗebi zumarta. Shi ya sa aka ce ki bar har zuma, alhali cokali guda na zuma ba shi ne ya tara miki kilo 92 ba. Musulmi ba ya ɗaukar wannan aƙida. Suratun Nahli ta lissafa dabbobi, nono da zuma cikin ni'imomin Allah, aya ta 5, ta 66 da ta 69. Wanda ya ce yanka zalunci ne ya ƙaryata nassi. Ki ɗauki tsarin abincin idan ya amfane ki, ki bar musu falsafarsu.

Sharaɗi na biyu shi ne rashin cutarwa, bisa hadisin "la darara wa la dirar", wato babu cuta babu cutarwa. Nan fiƙihu yana komawa ga masana jiki, kamar yadda aya ta 43 ta Nahli ta ce a tambayi ma'abota sani. Babban ramin da masu wannan tsari ke faɗawa shi ne sinadarin bitamin B12. Baligi yana buƙatar maikurogiram 2.4 kullum, kuma ba a samunsa yadda za a dogara da shi sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Zogale ba ya bayar da shi, wake ma haka. Hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka mutum yakan yi shekara biyu ko uku yana ganin garau yake, sannan sai kasala, ƙarancin jini, mantuwa, da jin tafin ƙafa yana tsikari kamar ana soka allura. Idan jijiya ta daɗe a lalace ba lallai ta dawo ba. Ke kuma haɗarinki ninki biyu ne, domin metformin kansa yana rage yadda hanji ke tsotsar B12, ga shi mai ciwon sukari yakan ɗauka tsikarin ƙafa daga sukarin ne, sai ya ƙyale. Saboda haka a fatawata, shan ƙwayar B12 wajibi ne a kanki muddin kina kan wannan tsari, domin abin da kare lafiya ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Mafi ƙarancin adadin da masana ke faɗa shi ne maikurogiram 10 kullum ko 2,000 sau ɗaya a mako, likitanki kuma zai iya ƙara miki. Ki nemi a auna miki jini da B12 yanzu, a maimaita kowace shekara.

Sai furotin, wato sinadarin gina jiki. Daga shekara 40 zuwa sama tsoka tana raguwa, kuma mai rage abinci ba tare da isasshen furotin ba, tsoka yake zubarwa tare da kitse. Ranar da ya koma cin da ya saba, kitsen ya dawo, tsokar ba ta dawo ba, gwiwar ta ƙara rauni. Mai irin jikinki tana buƙatar kamar giram 70 a yini. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kusan giram 13. Idan kika ci kofi biyu a yini, da awara kamar faɗin tafin hannu da rabi, da gyaɗa cikin hannu ɗaya, sauran hatsin da kike ci zai cike gibin. Ki jiƙa wake ya kwana, ki zubar da ruwan jiƙon, ki riƙa ƙara yawansa a hankali cikin mako biyu zuwa uku, in ba haka ba kumburin ciki zai sa ki watsar da tsarin gaba ɗaya. Ƙarfen jini na cikin wake da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama; matsa lemon tsami ko cin ɗanyen tumatir da gwaba tare da abincin yana taimakawa, shayi kuma yana hanawa, don haka ki jinkirta shi awa guda bayan cin abinci ko da sanyin Jos ya matsa. Ƙashi yana son sinadarin alli (calcium), musamman ga mace mai dab da ɗaukewar al'ada: tamba, riɗi, kuka da zogale su zama abokan tukunyarki.

Yanzu ga maganar da ba a cika faɗa ba. Barin nama ba shi ne ke sauke ƙiba ba, rage abin da ke shiga ciki ne. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, masu cin tsirrai zalla sun fi sauran sauke kilo biyu zuwa uku cikin 'yan watanni, kuma ratar tana raguwa idan aka kai shekara. Dalilin saukar shi ne ganye da wake suna cika ciki da kuzari kaɗan. Amma dubi abincinmu da babu nama a ciki: ƙosai, masa, soyayyar awara, soyayyen dankalin Turawa, ɗanwake da aka malale da mai, kunun gyaɗa, zoɓo mai sukari. Duk tsirrai ne. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori, wato ma'aunin kuzarin abinci, kusan 120. Uku sun kai 360, alhali giram 100 na dafaffen jan nama marar kitse yana wajen 200. Mace za ta tsame tsoka biyu daga miya, ta bar mai yana iyo a kai, ta ce tana rage ƙiba. Kwalbar lemon kwalba mai santilita 50 kuwa tana ɗauke da sukari kusan giram 50.

Mutanen Jos ba su da uzuri a wannan fage. Safiya ɗaya a kasuwar Farin Gada za ki cika kwando da kabeji, karas, koren wake, latas da kokwamba. Ki raba faranti: rabi ganye, kwata wake ko awarar da aka dafa cikin miya ko aka gasa, kwata tuwo ko acca ko dafaffen dankali, kada ya wuce dunƙulen hannunki. Gwaten acca mai yawan alayyafo da yakuwa da wake, da mai cokali ɗaya, abinci ne cikakke. Alale ya fi ƙosai. Kwaɗon zogale yana da kyau idan ƙuli-ƙulin bai rinjayi ganyen ba. Wannan ma'auni yana tafiya da hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib a Tirmizi: kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Saukar da ke ɗorewa ita ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Kada ki sa ido kan komawa jikin amarci. Kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, sun isa ki ga canji a sukari da gwiwa. Ki haɗa da tafiyar ƙafa minti 30, kwana biyar a mako. Ki sanar da likitanki canjin abincin, musamman idan ya ƙara miki allurar insulin ko wani maganin da ke faɗar da sukari, ko kuma aka ga matsala a ƙoda, domin mai ciwon ƙoda ba a sake masa wake da ganye yadda ya so.

Idan ra'ayina kike nema, barin komai da komai bai zama dole ba. Ƙwai ɗaya, kifi sau biyu a mako da ɗan kindirmo marar sukari za su rufe mafi yawan gibin nan, kuma sun fi sauƙin ɗorewa a gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa. Idan kin zaɓi tsirrai zalla, kin cika sharuɗɗan, babu laifi. Sai dai kada ki ɗora wa yara da maigida. Masu tasowa suna buƙatar ƙwai, nono da nama, kuma haƙƙinsu ne.

Batun layya: yankawa sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Malikiyya ga mai iko, kuma tsarin abincinki bai sauke ta ba. Cin naman mustahabbi ne, wanda bai ci ba bai yi zunubi ba. Amma tsoka ɗaya ta gasasshiyar hanta ranar sallah ba za ta dawo da kilo 3 ba, za ki sami ladan sunna, ki kuma faranta wa surukarki. Walima da suna ki halarta. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wanda aka gayyata ya amsa, in ya so ya ci, in ya so ya bari.

Rantsuwarki ta ƙullu, tun da da sunan Allah kika yi ta. Da cewa kika yi "nama haramun ne a kaina" kawai, a wurin Malikiyya babu komai a kanki sai istigfari, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala, ko da yake Hanafiyya da Hanbaliyya suna wajabta kaffara. Shawarata ki warware ta, bisa hadisin Muslim cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, azumin kwana 3 kuma sai ga wanda ya kasa, mai albashi irinki ba ta tsallakawa zuwa gare shi. Kowane miskini mudu ɗaya na abincin da gidanku ya fi ci, shinkafa ko masara. Mudun Annabi ake nufi, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, ba mudun kasuwa ba. In kin ƙara a kai ya fi. Kaffara ɗaya ta wadatar, bayanta ko kin ci nama ko kin bari babu wata a kanki.

Wallahu a'alam.