Ina ƴan halittun teku suke shiga idan iska ta taso?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Jidda nake zaune, nakan bi abokina kamun kifi da dare wajen Abhur. Idan ruwa ya kwanta muka kunna fitila, sai wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa su cika hasken kamar ƙura, ƙananan kifi na biye da su. Daren da iska ta taso kuwa, ko alamarsu. Ruwa ne ke tafiya da su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Masana na kiran su zufilankton. Yawancinsu kofifod ne, dangin jatan lande, tsawonsu milimita 1 zuwa 2. Ba su da ƙarfin ja da gudun ruwa, inda ya nufa nan suke bi. Shi ya sa kudancin Bahar Maliya, wajen Jazan da Farasan, ya fi arewa yawansu: da hunturu iska na turo ruwa mai albarka daga Mashigin Adan ta Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu.

To amma hawa da sauka a hannunsu yake, kuma a ganina amsarka tana nan. Da rana sukan nutse su ɓuya wa kifi, bayan magariba su hau cin abinci. Kofifod ba da ido yake farauta ba. Yana da dogayen ƙahoni biyu masu gashi, da su yake jin ɗan motsin da abinci ko maƙiyi ya yi kusa da shi. Kifi ya tsotso ruwa, kafin ya rufe baki kofifod ya yi tsalle ya ɓace.

Ruwa ya ɗan motsa, gaba ta kai shi, domin abinci na yawan giftawa ta gabansa, kamar mai tuya da kasuwa ta cika. Idan motsin ya wuce kima sai lissafi ya ɓaci. Abinci ya zo, kafin ya cafke ruwa ya fizge, ga shi ba ya bambanta zuwan kifi da hargitsin taguwa. Sai da yawansu su sauka ƙasa inda ruwa ya fi natsuwa, tunda girgizar iska a sama take da ƙarfi.

Iska kan kwashe wasu, ta tarwatsa taron, ba na musu. Amma daren da ta sake tasowa, in kuna da fitilar da ake zurawa cikin ruwa, ku ƙara mata igiya ku gani.