Amsa: Me zan shirya kafin tafiya Urushalima da mahaifiyata a Disamba?

'Yar'uwa, Ubangiji ya kai ku lafiya. Tunda Mama ta manyanta, fara da ƙafafunta. Tsohon birnin Urushalima duk daɓen dutse ne da matakala, hanyar Via Dolorosa kuma, wadda ake cewa ita Yesu ya bi ɗauke da gicciye, tana santsi idan an yi ruwa. Ki saya mata takalmi mai taushi tun yanzu, ta riƙa zagaya unguwa da shi kowace safiya. Gangarowa daga Dutsen Zaitun zuwa Gatsemani na wahalar da gwiwa, don haka sandar dogarawa ba abin kunya ba ce.

Disamba lokacin sanyi da ruwan sama ne a can, sanyin Urushalima kuwa ya wuce na hunturunmu. Ku ɗauki rigar sanyi mai kauri da laima. A Tekun Gishiri, wajen mita 430 ƙasa da matakin teku, za ku ji ɗumi, amma kada ruwan ya shiga idonta.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, kuma ki riƙe shi a jikinki ranar zuwa Baitalami, domin akwai shingen bincike. Magungunanta su zauna cikin kwalinsu, a jakar hannu, tare da takardar likita.

Daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Asabar yawancin shagunan Yahudawa na rufe. A majami'u a rufe kafaɗu da gwiwoyi. Idan ta hukumar NCPC, mai kula da tafiyar ziyarar ibada ta Kiristocin Najeriya, za ku tafi, ki tambaye su halin tsaro kafin ki biya kuɗi.